Wata Huɗu Ina Buga Golf a Cikin Ɗaki

A Kaduna na taso, ina wuce filin golf ta bakin titi, ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. A idonmu a lokacin wasan manya ne, na janar-janar da manajojin banki. Sai da karatu ya kawo ni Suwon, a Koriya ta Kudu, sannan na fara riƙe sandar golf, shi ma ba a fili ba, a hawa na uku na wani bene, saman wani shagon sayar da magani. Yau wata huɗu ke nan kusan kowane mako ina zuwa, har na ga na isa in ce wani abu a kai.

Mutanen nan golf na allo suke ce masa. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya ja ni a watan Disamba, lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ba mai sha'awar tsayuwa a waje. Kana shiga za a ba ka aron takalmi da safar hannu, a nuna maka ɗakinku, sanduna suna can a jingine. Ɗakin bai wuce falon gida ba: kujeru da tebur a baya, a gaba kuma wani ƙaton ƙyalle mai kauri da majigi ke haska filin wasa a jikinsa. Ka tsaya kan ciyawar roba, ƙwallo ta fito da kanta daga ƙasa, ka maka mata sanda iya ƙarfinka. Ƙwallon gaske ce, sandar ma ta gaske. Mita kaɗan take yi ta daki ƙyallen ta faɗo, amma a hoto sai ka ga ta ci gaba da tashi har ta sauka inda lissafi ya ajiye ta.

Wannan lissafin shi ya riƙe ni. Kyamarori masu saurin ɗauka ne ke kama ƙwallon da zarar sanda ta taɓa ta: gudunta, kusurwar tashinta, yadda take juyawa, da ɓangaren da ta karkata. Wasu na'urorin kuma da radar suke aiki, mai bin sawun ƙwallon, irin TrackMan na ƙasar Danmak, kamfanin da aka kafa a 2003, wanda ƙwararru ke ajiyewa a bayansu idan suna atisaye. Mako uku na farko duk bugun da na yi da babbar sanda sai ya lanƙwashe dama. Da a fili nake, abin da zan gani ke nan, ƙwallo ta tafi daji, shi ke nan. A nan kuwa allon ya nuna mini dalili: sandar tana yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki, fuskarta kuma a buɗe take. Ga bidiyon bugun ana maimaita mini a hankali, ina kallon kafaɗata tana riga ƙuguna juyawa. Abokina ya gyara mini riƙo, na rage gaggawa. Sanda mai lamba 7 da nake kai wa mita 95 da ƙyar, yanzu tana ba ni 125, kuma mafi yawan lokaci a miƙe. Na ga canjin da idona, mako bayan mako, cikin alƙaluma. Wanda duk yake son koyon bugu, ban san wurin da ya fi wannan saurin nuna masa kuskurensa ba.

Ba banza abin ya samu gindin zama a ƙasar nan ba. Yawancin Koriya tsaunuka ne, fili yana da tsada, mutane kuma sun afka wa golf tun da 'yar ƙasar, Pak Se-ri, ta ci babbar gasar mata ta Amurka a 1998. Kamfanin Golfzon da aka kafa a Daejeon a 2000 shi ya yaɗa ɗakunan nan, wasu suka biyo sahu, har ya zama da wuya ka ratsa unguwar kasuwanci ba ka ga allon tallarsu ba. Ni won 20,000 (won shi ne kuɗin ƙasar) nake biya na ramuka 18, wato cikakken zagaye, da yamma, da rana ya fi sauƙi. Yini ɗaya a filin gaske ranar hutu, in ka haɗa da kuɗin mai ɗaukar jaka da na motar fili, ya kan ninka wannan sau goma. Ɗalibi ina zai kai?

Ta fuskar haɗuwa da abokai kuwa, nan ne ya fi burge ni. Duk Musulmin da ya zauna a ƙasar nan ya san yadda zaman hira na bayan aiki yake tafiya da giya, kai da ba ka sha sai ka zama kamar bare a teburin. Ɗakin golf ya raba mini wannan gardama. Ƙofa a rufe take, ku huɗu ne kawai, kowa yana da abin da ya haɗa shi da ɗan'uwansa ban da kofi. Mukan zo da shayinmu a fulas da dabino, wani lokaci mu yo odar shinkafa daga wani gidan abincin 'yan Pakistan. In lokacin Magariba ya yi, in shimfiɗa rigata a bayan kujera in yi salla, a jira ni. Abin lura ɗaya: taliyar baƙar miya da ake yawan kawowa ɗakunan nan akasari da naman alade ake yinta, a tambaya kafin a ci. Sabon shiga ma ba ya jin kunya, don ba wata tawaga a bayansa da ke jiran ya matsa. Sai dai a yi tanadin lokaci. Mutum ɗaya yana cin kusan awa guda a ramuka 18, ku huɗu kun ga dare ya yi nisa. In da sababbi a cikinku ku tsaya a 9.

A watan Maris kawuna ya zo Incheon harkar kasuwanci. Shi ya fi shekara ashirin yana bugawa a Kaduna da Rayfield ta Jos. Na kai shi ɗakin ina ɗoki, na zaɓa mana tsohon filin St Andrews na Sukotilan, wanda ya daɗe yana burin gani. Ya ji daɗi ƙwarai, musamman da faifan da muke tsaye a kai ya karkata yana kwaikwayon gangaren wurin. Amma bayan ya kalli buguna biyar sai ya ce, "Ɗana, ciyawar nan tana rufa maka asiri. Ƙasa kake fara duka kafin ƙwallo."

Na ce, "Kawu, ai ga shi mita 120 ta nuna."

Ya ce, "Roba ce, sandar zamewa take yi ta riski ƙwallon. Ƙasar Allah ba ta zamewa."

Ranar Asabar ya kai ni wani ƙaramin fili mai gajerun ramuka a bayan gari. Bugun farko sandar ta nutse cikin ƙasa, ƙwallon ba ta yi mita talatin ba. Gaskiyarsa ce, kuma wannan shi ne babban raunin ɗakin: yana faɗa maka gaskiya game da ƙwallo, amma ba ya koya maka ƙasa. Haka ramin yashi, a ɗaki wani farin burushi ne kake bugawa a kai, kwamfuta ta rage maka nisa, ba ka san nauyin yashi a hannu ba. Iska lamba ce a kusurwar allo, ba ta taɓa fuskarka.

Inda ya fi ba ni takaici shi ne gangara ƙwallo zuwa rami. A fili ramin faɗinsa milimita 108 ne, ido ke auna nisa, ƙafa ke jin gangare. A ɗaki babu ramin, layuka kake karantawa a allo kana ƙidaya, sai hannunka ya haddace lamba maimakon ya koyi ji. Ko TGL, gasar golf ta allo da shahararrun 'yan wasa Tiger Woods da Rory McIlroy suka fara a Fulorida a Janairun 2025, dogon bugu kawai suke yi wa allo, in an zo kusa da rami sai su juya zuwa wani dandali mai rami na gaske da yashi na gaske. Motsa jikin ma kaɗan ne, don a fili kana taka kilomitoci, a nan daga kujera zuwa ciyawa ne. Sannan abokinmu ɗan zangon Kumasi bahago ne, ɗaki ɗaya tak ke da wurinsa a inda muke zuwa, dole sai mun buga waya tun da rana an ajiye mana.

Duk da haka ban daina zuwa ba, salon zuwan na canza. Ranar Talata da rana ina kama ɗaki ni kaɗai, in bar zagayen ramuka in shiga sashen atisaye, in ajiye ɗan tawul taƙi guda a bayan ƙwallo kamar yadda Kawu ya nuna mini. In sandar ta taɓa shi na san ƙasa na fara duka, ko me allo ya ce. Daren Juma'a na abokai ne, da shayi da musu. Sau ɗaya a wata kuma ina tara kuɗin ƙaramin filin nan. Kawu ya ce in na dawo hutu a Agusta zai shiga da ni filin Kaduna a matsayin baƙonsa, ya kuma gargaɗe ni in zo da takalmin da zai jure laka, don damina ce.