Kafet ko tayil a ɗakin kallo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a ginin. Tunda ka ce an gama filasta da silin, saura ƙasa, kuma kana tsakanin tayil da kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango, ni dai shawarata ka sa kafet. Duka biyun na yi su a ɗaki ɗaya, ba labari aka ba ni ba.

Da tayil na fara, irin manyan nan masu sheƙi, santimita 60 da 60, don shi aka sa a sauran gidan kuma masu aikin suna nan ba su tafi ba. Ranar da aka haɗa sifiku aka kunna na san akwai matsala. Ƙara ta cika ɗaki amma magana ba ta fita. In ka ƙaro, kunne ya yi ta amsawa, in ka rage, ba ka jin abin da ake cewa. Na daɗe ina ɗora wa sifikun laifi, saura kaɗan in sayar da su, ashe ɗakin ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Tsawon ɗakina mita 5 da rabi ne, ka ga ke nan kafin daƙiƙa ta cika sauti ya ƙetare shi fiye da sau 60. Bango siminti, sama da tauri, ƙasa tayil, babu abin da zai shanye shi, sai kowace kalma ta hau kan wadda ta riga ta. Ka shiga naka ɗakin yanzu yadda yake fayau, ka rufe ƙofa, ka yi tafi ɗaya da ƙarfi. Wannan amon da ke biyo bayan tafin, kamar an ƙwanƙwasa kwanon sha, shi zai zauna a kan duk abin da za ka kalla.

Ga kuma haske. In da majigi za ka yi amfani, allon nan haske yake watsowa cikin ɗaki, tayil mai sheƙi kuwa madubi ne. Kana zaune kana ganin hoto biyu, ɗaya a bango ɗaya a ƙasa, hasken ya sake komawa kan allon ya dusashe shi, wurin da ya kamata ya yi baƙi ƙirin sai ya koma ruwan toka. Ko babbar talabijin ce haka za ka ga ƙyallinta a gabanka.

Bayan shekara guda na haƙura na shimfiɗa kafet a kan tayil ɗin, mai ruwan ƙasa mai duhu, da soso a ƙarƙashinsa. Abin da ba zan manta ba shi ne daren farko. Hajiya mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, kuma a da in ta shigo ɗakin ba ta daɗewa, sai ta ce hayaniya ce kawai take ji, ta koma wajen rediyonta. Lokacin azumi ne, na kunna mata tafsiri, ban ma ƙara sauti kamar yadda na saba ba. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta jingina da filo, jikokinta suka kwanta a gefenta. Can sai na ji tana amsa salati daidai inda malamin ya ambaci Annabi, tana gyaɗa kai a inda ya kamata. Har aka shafa addu'a ba ta tashi ba, ƙaramin cikinsu ya yi barci a cinyarta. Sifikun da na so sayarwa ne, ko waya ɗaya ban canza ba. Tun daga ranar ɗakin ya zama wurin zaman gidan, yara ma ƙasa suka fi so da kujerun da na kashe wa kuɗi.

Amma kada wani ya ce maka kafet zai hana maƙwabta jin sautinka. Ba aikinsa ba ne. Siririn sauti yake sha, irin amon magana da ƙarar ƙarfe. Gurnanin wufa kuwa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, wanda kake ji a ƙirji, tsawon igiyar sautinsa kan kai mita 7, ina ruwansa da abu mai kaurin santimita 2. Wannan sai bango mai nauyi da ƙofa mai kauri wadda ta rufu ruf babu kafa a ƙasanta. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ma ba ya tare komai, abincin wuta ne kawai. Labule mai nauyi a taga da bangon baya ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Tayil dai yana da sauƙin shara, a goge da mofa an gama, kuma ruwa ba ya cutar da shi. Iyakar abin da zan yaba masa ke nan.

Ƙura ita ce hujjar masu tayil, kuma hujja ce. Daga Nuwamba zuwa Maris, in hunturu ya kankama, ko ka kulle ɗaki sai ta shiga. Tsintsiya ba ta share kafet, tura ƙurar ciki take yi, don haka ka sa kuɗin injin zuƙar ƙura a cikin lissafin tun yanzu, a riƙa bi da shi sau ɗaya ko biyu a mako. Ɗakin kallo ya fi falo sauƙi ta nan, tunda tagoginsa a rufe suke kuma ba a shiga da takalmi. Wuri ɗaya ne zan janye maganata: in akwai mai asma a gidan wanda ƙura ke tayar masa, to ka sa tayil marar sheƙi ka shimfiɗa babbar darduma mai kauri tsakanin kujeru da allo, wadda za a iya fitarwa a kakkaɓe a shanya.

Wajen zaɓen kafet ɗin, ka tambayi zarensa. Mafi yawan masu arha da zaren roba ake yin su, wanda ake kira folifurofilin. Ba ya kama tabo da sauri, in zoɓo ya zube aka goge nan take yakan fita, amma gashinsa na kwantawa a inda ake yawan takawa kuma ba ya tashi. Na nailan ya fi tsada, shi kuma in an taka yana dawowa. Duka biyun narkewa suke yi in sun ji wuta, kuma mu gidajenmu ba a raba su da turaren wuta. Garwashi ɗaya ya faɗo daga kasko ya bar rami mai baƙin baki, babu gyara sai faci. Ka kafa doka tun farko, kasko ya tsaya a bakin ƙofa kan faranti. Ka ɗauki mai gajeren gashi mai cika, launi mai duhu amma ba baƙi ƙirin ba, don baƙi yana nuna kowane ɗan zare da ɓurɓushin gyaɗa. Soson ƙasan nan da masu aikin ke kira andale, kada ka yarda a tsallake shi don rage kuɗi. Mai kaurin milimita 8 zuwa 10 ya isa, kuma yana ƙara laushin da shan sautin sosai.

Yanzu shimfiɗawar, don nan ne aka fi yin asara. Tunda ginin sabo ne, daɓen yana ɗauke da ruwa ko da samansa ya yi fari. Ka sami leda mai faɗin kamar rabin mita, ka shimfiɗa a kan simintin, ka manne gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, kada ka shimfiɗa komai tukuna. Kafet a kan danshi wari ne da fumfuna, kuma sai Agusta ta zo ruwa ya zauna za ka san ka yi gaggawa. Wayoyin sifikun baya ma yanzu ne lokacinsu. In tsarin sifiku 5 da wufa za ka yi, biyu a bayan kujeru ko gefensu za su zauna, a bi da wayarsu ta cikin fayif a jikin bango ko ta bayan sikatin, wato abin da ke bin gindin bango, kafin kafet ya sauka. Wayar wutar lantarki kuwa kada ta kuskura ta bi ta ƙarƙashin kafet, takawa na cinye rigarta a hankali, gobara kuma daga nan take farawa.

Sikatin kuwa shi ne wanda ba wanda ke tunawa da shi sai an ɓata shi. Nawa na katako ne, an yi masa farin fenti kwana biyu kafin masu kafet su zo. Bayan kafet kaushi gare shi kamar samfefa. Da suka shigo da naɗin suka warware, gefunan suka hau bango suna goga, kafin la'asar an yi wa sikatin ɗin zane tun daga ƙofa har kusurwa, wani wajen fentin ya ɗago kamar ɓawon albasa don bai gama ƙanƙamewa ba. Ga saran wuƙa a wurare uku inda aka yanke rarar. Sai da na sake kiran mai fenti, shi kuma ya ɗiga mini fenti a sabon kafet.

Ga yadda za ka kauce wa wannan. A kafa sikatin a yi masa fenti tun da wuri, a ba shi aƙalla mako guda ya bushe sosai. In na katako ne, kafinta ya ɗaga shi kamar santimita 1 daga ƙasa, don bakin kafet ya shige ƙarƙashinsa ya ɓuya, katakon kuma ya rabu da danshin daɓe. Ranar aiki da safe ka bi shi kaf da salatif ɗin takarda irin na masu fenti, layi biyu, a kusurwoyi da gefen ƙofa ka ƙara da yankan kwali. Kada ka sa salatif ɗin roba mai ƙarfin gam, da fentin zai taso. Da an gama a cire shi a ranar, a hankali, kada ya kwana biyu a jiki. Ka ajiye ragowar fentin a ƙaramin gwangwani, ko an yi hankali ba a rasa wuri ɗaya ko biyu da za a shafa. In sikatin ɗin tayil ne goga ba ta dame shi, amma guduma na fasa bakinsa, shi ma a rufe shi.

Da yawan masu shimfiɗa gam suke zubawa a manne kafet da ƙasa gaba ɗaya, don ya fi musu sauri. Ka nemi wanda ya iya aiki da siririn katakon nan mai ƙananan ƙusoshi, wanda ake kafawa zagaye da ɗaki, ƙusoshin na kallon bango, a bar ɗan rata kamar milimita 6 tsakaninsa da sikatin. A ja kafet ya miƙe tsam ya kama ƙusoshin, a cusa bakinsa cikin ratar. In ba a ja shi da kyau ba, bayan wata biyu zai yi tudu a tsakiya. Amfanin wannan hanyar, ranar da za ka canza ɗagawa kawai za a yi, ba kankare gam ba. In dole sai an sa gam, a buɗe tagogi, kada a kunna wuta ko sigari kusa, don tururinsa na kamawa. Ka duba ƙofa ma, kafet da soso sun ɗaga ƙasa, in ciki take buɗewa sai an rage ƙasanta.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka halin wasu masu sayarwa. Naɗin kafet yawanci faɗin mita 4 ne. Faɗin ɗakina mita 3.8, don haka falle ɗaya ya rufe shi babu haɗi. Na biya kuɗin tsawon mita 6 don a sami rara, aka yanka mini yadi 6. Yadi santimita 91 ne da ɗoriya, yadi 6 bai ma cika mita 5 da rabi ba. Allah ya sa na auna a gaban shagon kafin a ɗora a mota, aka yi ta ja-in-ja kafin a sake yankawa. Ka je da tef ɗin awonka, a auna a gabanka, a rubuta mita a rasit. Wasu kuma samfurin da za su nuna maka daban, wanda za a yanka a sito daban, launi ɗaya amma gashin bai kai cika ba. Ka lanƙwasa shi baya, in ka hango ƙasan saƙar ta tsakanin gashin da sauƙi, ba shi da cika. Ka yanki ɗan ƙyalle daga naɗin da ka zaɓa ka riƙe a aljihu har kaya su iso gida. Akwai masu wanke tsohon kafet da aka cire daga ofis ko otal su ce sabo ne, ka juya bayansa ka nemi sawun gam, ka kuma sunsuna. In ɗakinka ya fi mita 4 faɗi dole a yi haɗi, to duka fallayen su fito daga naɗi ɗaya, gashinsu ya kwanta fuska ɗaya, haɗin kuma ya faɗa ƙarƙashin kujeru ba gaban allo ba. Kada ka biya mai shimfiɗa duka kuɗinsa sai ka zagaya gindin bango da fitila ka gani da idonka.

Ka sayi na nailan mai gajeren gashi, ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan toka mai duhu, da andale ɗinsa. In aljihu bai kai ba ka ɗauki na roban mai cika, amma kada ka taɓa kuɗin soson. Kuɗin tayil ɗin ka mayar da shi kan labule da ƙofa mai kauri. Ledar nan ka manna ta a daɓen yau da daddare, gobe in ka ɗaga ka faɗa mini abin da ka gani, sannan ka turo awon faɗi da tsawon ɗakin in lissafa maka mita nawa za ka yanko.