Ganuwar Bauchi da Ruwan Wikki a Yini Ɗaya: Motar Gida, Shata ko Kwana?

Masu shirin yawon Sallah sukan so haɗa tsohon garin Bauchi da ruwan ɗumi na Wikki da ke gandun dajin Yankari a tafiya ɗaya. Yana yiwuwa, amma nisan hanya ne ke yanke komai. Daga Bauchi za a bi titin Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji, sannan a ƙara wajen kilomita 43 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. Jimilla ta haura kilomita 100, wato a ware awa biyu zuwa, awa biyu dawowa.

Motar gida ta fi dacewa da iyali, don ku ke da iko da lokacinku. A cika tanki tun daga Bauchi, a duba safaya da jak, a riƙe tsabar kuɗi, saboda sabis yakan ɗauke a daji, tiransifa ta maƙale. A bar gari da an sallame Asuba. Ganuwa sai a dawowa: abin da ya rage na katangar garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809 galibi ƙofofi ne, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, sai fadar Sarki da kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Awa ɗaya da rabi ta wadatar.

Shatar bas ta fi sauƙi idan an kai mutum goma sha biyu zuwa sama, amma a nan ake yawan samun rigima. Direba ya ɗauka ƙofa zai sauke ku, ku kuma kun ɗauka har bakin ruwa. A yi magana ɓaro-ɓaro tun a tasha: mai a kan wa, kuɗin shigar mota a kan wa, zai jira har ƙarfe nawa. Kada a biya shi duka sai an dawo.

Wanda giwa da ɓauna suka kai shi, ya kama ɗaki ya kwana. Dabbobi da sassafe da la'asar suke fitowa, an fi ganinsu daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suna taruwa a bakin kogin Gaji. Mai yini ɗaya yakan iso rana ta take, ya biya kuɗin zagayen daji, wanda daban yake da na shiga, ya dawo bai ga komai ba sai gadu. Kogunan Marshall 59 da aka sassaƙa a jikin dutse su ma sai da ɗan jagora da isasshen lokaci.

Shi ruwan Wikki ba ya ba da kunya. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, garai-garai har kana hango yashin ƙasa. Ta wajen dutsen da yake ɓuɓɓugowa zurfinsa ya kusa mita biyu, don haka yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa ba, babba na kusa. Mata masu son sakewa su shiga da hantsi kafin a cika, musamman washegarin Sallah.

Gwaggon biri ne babban ɓarawon wurin. Ya san leda, ya san kular abinci, yana fizge ta daga hannun yaro. A bar abinci a mota, a ɗage gilashi, a kulle. Kafin a tashi a tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki, a kuma baro sansanin kafin ƙarfe huɗu don kada Magariba ta riske ku a daji.