Gargaɗi ga matan Gombe: mai duban nan ba rauhanai ke ba shi labari ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman na Pantami, Bolari da Tudun Wada. Akwai wani mutum da ya kama hayar gida a bayan gari, lambarsa na yawo a WhatsApp, wai rauhanai na gaya masa damuwar mutum tun bai buɗe baki ba. Don Allah kada ku je, kada ku tura masa ko sisi.

Goggona ce ta fara faɗawa hannunsa. Ciwon ƙafa ya dame ta, ga rigimar gado. Tana zama ya faɗa mata sunan marigayi mijinta da ƙauyen da gonar take. Jikinta ya yi sanyi. Ya ce sammu aka binne mata, sai an kawo farin rago da turare da kuɗin kafin alƙalami. Yau a turo kaza, gobe rauhanai sun ƙi karɓa, har Naira 180,000 ta tafi, rabi bashin adashe. Ya kuma ja mata kunne cewa in ta gaya wa kowa aikin zai karye.

Da ta gaya min tana kuka, na ce, "Goggo, kafin ki shiga wajensa da wa kika yi hira?" Ta ce da wata baiwar Allah a zaure, mai jan hijabi, ita ma layi take jira. Nan na gane bakin zaren.

Ranar Asabar na je da kaina. Na tarar da matar a kan tabarma, da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ta matso tana "sannu 'yar uwa, me ya kawo ki?" Na ce mata shekarata shida da aure ban taɓa ko ɓari ba. Allah ya yafe min ƙaryar, 'ya'yana uku. Ta yi ta danna waya. Da aka kira ni, ya share yashin farantinsa, ya zana, ya runtse ido ya ce, "Hajiya, na ga shekara shida, an ɗaure miki mahaifa." Na tashi na ɗauki takalmina.

Wannan dabara ba a Gombe ta fara ba. A 1986 a Amurka wani James Randi ya tona asirin mai wa'azi Peter Popoff, wanda ke kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu a taro yana cewa daga sama ake gaya masa. Ashe matarsa ce ke karanto masa takardun da mutane suka cike a ƙofa, ta wata 'yar na'ura a kunnensa. Randin nan ya sa kyautar Dala 1,000 tun 1964 ga duk wanda zai nuna irin wannan baiwa, ta kai Dala miliyan 1 a 1996. Sharaɗin mai sauƙi ne: a yarda tun farko da abin da za a kira nasara, a kuma toshe duk ƙofar da labari zai bi ya isa gare shi. Sama da mutum 1,000 suka nema, har aka rufe a 2015 ba wanda ya ci.

Mu kuma muna da abin da ya fi wannan nauyi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba.

Duk wadda ya riga ya cuta, kada kunya ta sa ki yi shiru, da ita yake cin kasuwa. Ki adana shaidar tura kuɗin da saƙonnin muryarsa, ki kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe. Mu mun haɗa na Goggo, kuma ranar Litinin zan kai ta asibiti a duba ƙafar, wadda ta kumbura har silifa ba ya shiga.