Twinmotion ga wanda bai taɓa buɗe ta ba, ga aiki saura kwana 3

Mai gini yana son ganin hoton gidansa na Lekki a Legas kafin ya saki kuɗi, saura kwana 3, lasisin manhajar da ka saba da ita kuma ya ƙare. A irin wannan matsi Twinmotion ta kamfanin Epic Games, manhajar da ke mai da zanen gini na kwamfuta ya zama hoto kamar na gaske, ta cancanci gwaji. Tun 2024 kyauta ce ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba. Amma tana cin data sosai, don haka ka sauke ta tun daren farko, tare da ƙaramar manhajar Datasmith da ke haɗa ta da manhajojin zana gini irin su SketchUp, Revit ko Archicad.

Wannan haɗin, Direct Link, shi ne babban alherinta. Ka gyara taga a SketchUp, ka danna sau ɗaya, gyaran ya bayyana a Twinmotion ba tare da fentin da ka shafa ya goge ba. A wurin shigo da gini ne baƙo ke faɗa wa rami. Idan ka zaɓi a dunƙule abubuwa bisa kayan da aka yi su da shi, duk abin da ke da launi ɗaya zai zama abu guda, ka taɓa bangon falo katanga ma ta canza. Saboda haka tun a SketchUp ka ba tayil, siminti, gilashi da kwanon rufi kowanne launinsa da sunansa. Bangon da ya ɓace kuwa, galibi fuskarsa ce a juye. Ka koma SketchUp ka juyo ta. Inda ƙasa ke ƙyaftawa, shimfiɗa biyu ne suka hau kan juna, ɗaga ɗaya da santimita 1 ya isa.

Haske na buƙatar natsuwa. Ka sa wurin a Legas, ka daidaita arewa da takardar filin. Garin na kusan digiri 6.5 arewa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, rana tsaka tana bisa kai, gini ya fito ba inuwa ba armashi. Ƙarfe 9 na safe ko 4 na yamma sun fi. Ka kashe daidaita haske ta atomatik, in ba haka ba kowane hoto da irin haskensa. Itatuwan da ke cikin manhajar kuma da yawansu na ƙasashen sanyi ne. A gaskiya ba na son ganin bishiyar ƙasar sanyi a harabar gidan Ajah. Ka nemi kwakwa da danginta.

Rauninta yana cikin ɗaki. Hoton waje yana fita cikin mintuna, amma falo ya fi yin kyau da Path Tracer, wato tsarin fitar da hoto mai lissafa haske dalla-dalla, shi kuma sai katin hoto mai ƙarfi irin su RTX. Da ƙwaƙwalwar katin ta cika, manhajar na iya rufewa ba sallama. Ka gwada da ƙaramin hoto tukuna, ka bar babban girma na 4K ga hotuna 3 ko 4 da mai gini zai gani. Laftof a kan batir yana rage ƙarfin katin, don haka fitar da hoton ƙarshe sai an tayar da janareta ko inbata ta cika, kuma ka adana aikin kafin ka danna.