Daga Ladipo zuwa Kano: yadda na aika bonet, ƙofa da gilashin mota a tirela

Watan jiya ƙanena da ke Kano ya yi karo da wata tifa. Alhamdulillahi ya fita lafiya, amma gaban Corolla ɗinsa ya tashi daga aiki: bonet ya naɗe kamar tabarma, bamba ta farfashe, madigadin hagu da ƙofar direba sun lotse, gilashin gaba ya tsage. Ya zaga Ƙofar Ruwa bai samu irin na shekarar motarsa a farashin da zai iya ba, sai ya kira ni: "Yaya, tunda kana Agege, don Allah ka leƙa mana Ladipo."

Sayen kayan bai ba ni wahala ba. Duk wanda ya san kasuwar kayan gyaran motoci ta Ladipo da ke Mushin a Legas ya san tokumbo, wato kayan hannu na ƙasar waje da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, a nan yake zubewa. Cikin yini ɗaya na haɗa komai. Aikawar ce ta hana ni barci.

Na fara da wani kamfanin aika saƙo na zamani, mai ofis da kwamfuta. Yarinyar da ke kanta ba ta ko ɗora bambar a sikeli ba, tef ta ɗauko ta auna tsawo da faɗi da tsayi. Su girman kaya suke caja idan ya fi nauyinsa: a ninka awon uku da santimita, a raba da 5,000. Kwalin bambar ya kai 180 a tsawo, 50 a faɗi, 50 a tsayi, sai lissafi ya ba da kilo 90, alhali da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Kuɗin da ta faɗa ya fi kuɗin bambar kanta. Ban ga laifinsu ba, tsarinsu ke nan, amma ba don irin wannan kaya aka yi shi ba. Doguwar bas ta dare kuwa, da na ga yadda ake danna buhuna da akwatuna a ƙasanta, ban ma tsaya ciniki ba.

Wani dattijo da muke sallah tare ne ya haɗa ni da masu lodin tirela. Motocin da ke kawo albasa da tumatir kasuwar Mile 12, da masu kawo shanu da hatsi, ba sa son komawa Arewa wayam, musamman yanzu da kuɗin sufuri ya yi sama tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Duk abin da direba ya samu a hanyar komawa riba ce, shi ya sa farashin ke da sauƙi. Har da la'adar ɗan kamasho da kuɗin 'yan dako, abin da na biya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kamfanin nan ba.

Sai dai araha ba ta ado. Su ɗauka kawai suke yi, ɗauri naka ne. Ɗan kamashon ya faɗa mini gaskiya tun farko: "Alhaji, mu ba ma naɗe kaya. Yadda ka kawo shi, haka zai hau." Wannan maganar ta burge ni, domin da ya yi mini daɗin baki, da na saki jiki.

Na kwashe rabin yini ina ɗauri tare da wani fanalbita maƙwabcina, kuma a nan na koyi abin da ban sani ba. Bonet ba tsakiyarsa ke fara lalacewa ba, kusurwoyinsa ne, musamman biyun nan na baya masu tsini da ke kusa da gilashi. Da ya daki ƙasa sau ɗaya sun lanƙwashe, kuma ko an buga sun miƙe, da wuya ya zauna daidai da madigadi. Muka yanka tsohuwar katifa muka rufe kowace kusurwa, muka bi gefuna da tsohon tiyub, sannan kwali biyu-biyu da salatif. Ƙofar kuma muka cire madubinta da gilashinta muka naɗe daban, don gilashin ƙofa idan ya fashe rugurguzewa yake yi kamar tsakuwa. Bamba roba ce, ba ta jin tsoron karce kamar yadda take tsoron nauyi da zafi: a ɗora mata buhu a rana, sai ta karkace, ƙananan kunnuwan da ke riƙe ta su karye. Ita muka cusa wa soso a ciki, muka rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa a sa ta a sama.

Gilashin gaba shi ne na fi kashe wa kuɗi. Falle biyu ne da leda a tsakani, kuma a lanƙwashe yake, don haka idan aka kwantar da shi, nauyinsa da girgizar hanya kaɗai sun isa su tsaga shi. Kafinta ya haɗa mini akwatin katako, gilashin yana tsaye a ciki, roba a ƙasa, soso a gefe da gefe. Kuɗin akwatin ya ɗan sosa mini rai a lokacin, amma yanzu ban yi da-na-sani ba.

Ranar lodi ban tafi ba sai da na ga inda komai ya zauna. Karen motar ya so ya shimfiɗa bonet a ƙasa ya hau jera kaya a kai. Na ce, "Haba ɗan'uwa, a jingine shi a tsaye mana." Direban, mutum mai sauƙin kai, ya sauko da kansa ya jingina shi a jikin bodi, ya sa tsohuwar taya a tsakani, ya ɗaure da igiya. Na ɗauki hoton kayan a cikin motar da lambarta, na karɓi lambar wayarsa, na ba shi kwafin rasit ɗin Ladipo saboda shingayen kwastan da na 'yan sanda. Da yake damina ce, na tsaya har aka ja tamfol.

To ga inda ban ji daɗi ba. An ce mini kwana uku, sai da aka yi biyar. Bayan sun wuce Ilori wayar direban ta mutu, yini guda da rabi ban san inda kayana suke ba, sai da suka kai Mokwa ya kira ya ce taya ce ta fashe. Tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a irin wannan hanya, jinkiri ba abin mamaki ba ne, rashin jin labari ne ya dame ni. Na biyu ya fi ciwo: sun ƙara lodi a hanya, aka matsa madigadin, aka danne shi da wani abu mai nauyi. Ya isa da lotsawa kamar faɗin tafin hannu. Da na koma wajen ɗan kamashon, haƙuri kawai ya ba ni. Takardar da suka rubuta mini sunan kaya da lambar mota ne kawai a jiki, babu inshora, babu maganar biyan diyya. Wannan ya kamata su gyara, ko da mutum zai ƙara wani abu a kan kuɗin ne.

Sauran kayan sun isa lafiya lau. Ƙanena ya turo mini bidiyo suna buɗe akwatin, gilashin ko ƙwarzane babu, bonet ya zauna daram. Fanalbitansa ya buga madigadin ya fito, aka bi da fenti.

Zan sake amfani da su, amma ga kayan ƙarfe da na roba da zan iya naɗewa da kaina, kuma sai ranar da nake da lokacin tsayawa a kan lodi. Fitilun gaba da na saya masa kam ban yarda na sa su a tirela ba. Suna nan a ɗakina cikin kwali, wani abokina da zai tafi gida ranar Juma'a zai riƙe su a hannu.