Daga Liyon zuwa Tawa: sabon maganin sankarar mafitsara

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya da iyali. Kun tambaye ni ko gaskiya ne a Turai an samo maganin sankarar mafitsara ko da ta bazu a jiki. Tun da aikina ke nan, tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a nan Liyon, ga abin da nake gani.

Magani akwai, amma ba kowa ake ba wa ba. Sai an ɗebi ɗan naman ciwon an kai dakin gwaji, a duba ko yana da wani canji a ƙwayoyin halittarsa da ake kira FGFR3. Kamar mutum ɗaya cikin biyar ke da shi. In an samu, ana iya ba shi ƙwayar Balversa, wadda Amurka ta amince da ita a 2019, Turai kuma a 2024. A gida yake shan ta kullum, ita kuwa ta bi wannan canjin ta hana ciwon girma. Ba ta warkarwa, Kawu. A babban gwajin da aka yi, tsaka-tsakin abin da masu shan ta suka rayu wata 12 ne, masu tsohon magani, wato kimo (chimio), kusan 8. Akwai kuma maganin Padcev da ake sa wa ta jijiya tare da wani mai suna Keytruda. A 2023 aka nuna masu karɓar su sun kai wata 31, masu tsohon magani 16. Ga mai iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ga wahalar Balversa ma. Wani dattijo da nake turawa wajen likitan ido, farcensa duk sun ɗaɗɗago, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Ƙwayar na taɓa ido, shi ya sa ake duba shi a kai a kai.

Kuɗin kuwa miliyoyin sefa ne kowane wata, sai dai a nan mai sankara kusan ba ya cire komai: ya miƙa katin lafiyarsa na Vitale, asusun lafiya ya biya. Wannan ne ke sosa mini rai in na tuna mutanenmu da ke sayar da shanu da gona kafin su isa Yamai. Alhamdu lillahi, tun 2021 akwai na'urar gasa ciwon da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, amma daga Adar tafiyar ba kusa ba ce.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ciwon Turawa da namu sau da yawa ba iri ɗaya ba ne. Nasu galibi taba sigari ke kawo shi, kuma a kansa aka gwada magungunan nan. Namu kuwa tsargiya na da hannu sosai: ƙwan tsutsar na maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru har wurin ya rikiɗe. Maganin tsargiya, praziquantel, mai araha ne, har kyauta ake raba shi a makarantu.

Don Allah yaran da ke wanka a tabki da madatsun ruwa wajen Ƙonni da Galmi, duk wanda aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita, a bar cewa alamar balaga ce. Babba kuwa, ko sau ɗaya ya ga jini, ko babu zafi, ya nemi a leƙa mafitsararsa da na'ura a Yamai tun ciwon bai bazu ba.