Daga Edirne: 'ya'yan sanfulawa da naman shanu, wanne ya fi amfanar jiki?

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da yara da duk mutanen gida a Ƙofar Ƙaura. Na ga bidiyon da kika turo, wanda ake cewa 'ya'yan sanfulawa, wato furen nan rawaya da ake matse mai daga 'ya'yansa, sun fi nama gina jiki, har wai mutanen Turai sun daina cin nama saboda su. Tunda ina zaune a inda ake noma abin, bari in ba ki labari yadda yake.

Edirne tana can ƙarshen Turkiyya ta yamma, a ɓangarenta na Turai, kan iyaka da Girka da Bulgeriya. Wannan yanki, tare da Tekirdag da Kirklareli, shi ne cibiyar noman sanfulawa a ƙasar. A watan Yuli idan kika hau mota zuwa Istanbul, hagu da dama fure ne rawaya har iyakar ganinki. Akasarin abin da ake nomawa a nan matsewa ake yi a fitar da mai, shi ne man girkinsu na yau da kullum. Wanda ake ci kuwa irinsa daban ne, ƙwayarsa ta fi girma. Akwai shaguna na musamman da ba sa sayar da komai sai soyayyun 'ya'yan itatuwa irin wannan. A auna miki a sikeli, a zuba a 'yar takarda, wani lokaci da ɗuminsa. Da yamma sai ki ga iyali guda a bakin kogi ko a wurin shaƙatawa, kowa na fasawa da haƙori yana tofar da ɓawo, hira na tafiya. Masu shara ne kawai ba sa murna da wannan al'ada.

Amma batun sun daina cin nama, wannan ƙarya ce. Baturke da nama sai Allah. Tsada ce ta sa suke ja baya, don ƙasar har shanu take shigowa da su daga Barazil da Yurugwai. Magidanci zai shiga wurin mahauci ya ce a niƙa masa kwatan kilo, a kai gida a haɗa da wake ko gauta ya ishi kowa. Tsarin mahautansu ya burge ni: nama a cikin sanyi bayan gilashi, a cire kitse a gabanki, a auna, ki biya daidai nauyin. Sai dai babu kashi-kashi, babu ciniki, babu gyara. Kuma ni dai har yau ban ci wanda ya kai ɗanɗanon sa ɗan kiwon daji irin na kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi, wanda aka yanka da safe aka dafa da rana ba.

To ga lissafin da masu bidiyo suke dogara da shi. Giram 100 na ɓararrun 'ya'yan sanfulawa yana da kalori kusan 580, furotin giram 21, maiƙo giram 51. Giram 100 na dafaffen naman shanu mai matsakaicin kitse yana da kalori kusan 250, furotin giram 26, maiƙo wajen giram 15. A sinadarin ayon mai ƙara jini, sanfulawa tana da miligiram 5 da ɗoriya, nama kuwa bai kai 3 ba. Wanda ya tsaya nan zai ce ai an gama magana.

Ba a gama ba. Ayon ɗin nama iri ne da hanji yake tsotsa cikin sauƙi. Na tsirrai kuwa kaɗan ne yake shiga jini, kuma 'ya'yan sanfulawa suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet da yake riƙe ayon da zink ya hana su wucewa. Idan aka bi su da baƙin shayi, yadda ake yi a nan dare da rana, abin ya ƙara raguwa, don shayi ma yana tare ayon. Sannan bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, babu ko ɗigo a sanfulawa. Wancan giram 100 na nama kuwa ya kusa ko ya cika abin da babba yake buƙata a yini. Furotin ɗin ma ba ɗaya ba ne: na nama cikakke ne, na sanfulawa yana da ƙarancin wani ɓangare mai suna layisin, sai an haɗa da wake kafin ya cike. Kuma wa zai zauna ya ci giram 100 na ƙwaya zalla? Kusan rabin abin da aka auna miki ɓawo ne, sauran kuma maiƙo ne da zai tara miki ƙiba in kika mai da shi abinci.

Inda sanfulawa ta yi wa nama fintinkau shi ne bitamin E. Cikin tafin hannu ɗaya yana ba da kusan rabin na yini, nama kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsa. Tana da magniziyam sosai, tana da harza mai gyara ciki wadda nama ba shi da ita sam, kuma maiƙonta ya fi kitsen sa sauƙi ga zuciya. Illarta gishiri: wanda ake sayarwa a leda fari fat yake da shi, don haka kada Baba ya kusance shi da hawan jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini. Nama ma ba a ce a yi ta lafta ba; a shekarar 2015 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa jan nama cikin abubuwan da ake zargin yawan cinsu na jawo kansar hanji.

Abin da nake so ki gane, Yaya, sanfulawa 'yar gidan su gyaɗa da riɗi ce, can ya kamata a ajiye ta, ba kusa da nama ba. Gyaɗa ma ta fi ta furotin, wajen giram 26 a 100, maiƙonsu kusan ɗaya. A bitamin E dai ta fi gyaɗa nesa. Don haka wanda yake da ƙuli-ƙuli da kantu da miyar gyaɗa a Katsina bai rasa wani abin kirki ba. Masu kilishi da tsire kuwa tuntuni suka haɗa biyun wuri guda, nama da tunkuza, ba tare da sun ga wani bidiyo ba.

Game da amaryar gidanku da aka ce jininta ya yi ƙasa, kada a sayi ƙwayar leda mai tsada da sunan magani. A ci gaba da ba ta maganin da aka rubuta mata a asibiti, a sami ɗan nama ko kifi ko ƙwai gwargwadon hali, wake da zogale a matsa musu lemun tsami don yana taimaka wa ayon ɗin tsirrai ya shiga jiki, shayi kuma a ba shi tazara da abinci. Mutanen Edirne abincin da suka yi suna da shi soyayyar hanta ce, yankakkiya siri-siri da busasshen barkono, kuma hanta ta fi tsoka ayon da B12. Sai dai in tana da juna biyu kada ta yawaita ta, saboda bitamin A ɗin cikinta ya yi wa ɗan tayi yawa. Ta tambayi ma'aikaciyar awo tukuna.